Idan Kaset Ya Ƙi Karɓar Rubutu, Kada A Toshe Bakin Mai Gargaɗi

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, ta kuma aza wa garin Lafia nauyin zama babban birninta, babu abin da ya yi ta taruwa a garin nan sannu a hankali, ba tare da mutane sun farga ba, kamar rubutu: takardun filaye da na gidaje, jerin sunayen ma'aikata da matakan albashinsu, lissafin 'yan fansho, sakamakon jarrabawar ɗalibai, katunan majiyyata, da hukunce-hukuncen kotuna. A da, duk waɗannan suna cikin fayil ne a kan kanta, inda gara da ɓera da yoyon rufi suke abokan gabarsu, kuma kowane masinja ya san alamun ɓarnarsu. Amma tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Lafia a 2011, aka kafa hukumar NAGIS a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura domin ta shigar da bayanan filaye cikin na'ura, ma'aikatu da asibitoci da bankuna su ma suka bi sahu, sai kaso mai yawa na abin da ake rubutawa ya koma cikin kwamfuta, inda ido ba ya ganinsa, kuma salwantarsa ba ta zuwa da ƙara ko hayaƙi. Wanda duk aka danƙa wa irin wannan rubutu, amanar jama'a aka danƙa masa, kuma sharaɗin farko na cika amanar shi ne ya yi kwafi na biyu ya ajiye a wani wuri dabam, saboda ranar da na farko zai ɓace.

Daga cikin hanyoyin ajiye wannan kwafi na ko-ta-kwana akwai wata tsohuwa, wadda da yawa daga samarinmu masu ilmin kwamfuta suke zaton ta mutu tare da kaset ɗin rediyo, alhali kuwa har gobe da ita manyan bankuna da cibiyoyin bincike na duniya suke kwana da shiri, watau kaset mai zaren maganaɗisu. An fara aiki da shi a kwamfutar UNIVAC a Amurka a 1951, kamfanin IBM ya fito da nasa a 1952, sa'an nan a shekarar 2000 aka fitar da tsarin da kamfanonin HP da IBM da Seagate suka yi ittifaƙi a kansa, mai suna LTO, wanda shi ne ya mamaye kasuwa a yau. Zubin farko na wannan tsari gigabait 100 yake ɗauka. Zubi na 8, wanda ya fito a 2017, yana ɗaukar terabait 12. Na 9 kuwa, a 2021, terabait 18, tun kafin a matse bayanan. Falalarsa ita ce araha ga mai kaya da yawa, da jure zama, domin masu ƙera shi suna ba shi shekara 30 idan an adana shi bisa ƙa'ida. Amma falalar da ta fi kowacce a wannan zamani ita ce, da zarar an zare shi an sa a kabad, babu ɓarawon intanet, komai gwanintarsa, da zai iya kai masa hannu ya kulle abin da ke ciki ya nemi kuɗin fansa. A ƙarshen Fabrairu 2011, da wata illar manhaja ta share wasiƙun kimanin kashi 0.02 cikin ɗari na masu aiki da Gmail, kamfanin Google, duk da yawan rumbunansa, ga kaset ya koma ya ɗebo su.

Sai dai kaset yana da wata ɗabi'a da takan gajiyar da masu kula da shi. Galibi da dare ake sa manhajar ajiya ta kwashi aikin yini ta zuba a kaset, da safe ma'aikaci ya zo ya tarar da jan rubutu a fuskar kwamfuta, cewa an sami kuskure wajen rubutu, aikin bai kammala ba. Abin da akan yi daga nan sananne ne ga duk wanda ya zauna da ma'abota wannan sana'a: a kashe na'ura a kunna, a sake tayar da aikin; in ya sake faɗuwa, a jefar da kaset a sa wani; in abin ya ci tura, a shiga cikin manhaja a kashe sashen da ke tantance rubutu ko wanda ke aiko da gargaɗi, domin a huta da ganin ja; in maigida ya tambaya, a ce masa, "Ranka ya daɗe, babu wata matsala, na'ura ce kawai take 'yan halayenta." Ra'ayina, wanda domin shi na ɗauki alƙalami, shi ne cewa wannan jan rubutu ya fi duk abin da na'urar take bayarwa daraja, domin shaida ce ta gaskiya da ta riga musiba isowa, haƙƙinta shi ne a bincike ta bisa tartibi har a kai ga sababi, kuma a gari irin namu, idan aka bi sababin da gaske, sau da yawa zai wuce kwamfuta ya kai mu ga ɗakin da aka ajiye ta, da wutar da take sha, da kasafin kuɗin da aka yi mata.

Domin a gane nauyin wannan shaida, ya kamata a san yadda na'urar take rubutu. Zaren da ke cikin kaset na zubi na 9 faɗinsa rabin inci ne, tsawonsa ya ɗara kilomita guda, kaurinsa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashin kai ba, kuma a kan wannan ɗan faɗi ake jera layuka 8,960, ana rubuta 32 a lokaci guda, zaren yana gudu har ƙarshe ya juyo, ya sake komawa, har ya cika. A kan na'urar, bayan kowane ɗan bakin da ke rubutu akwai wani da ke karanta abin da aka rubuta nan take, kuma idan ya ga bai fita sosai ba, sai a maimaita shi a gaba kaɗan ba tare da an tsaya ba. Malamanmu na zaure sun san wannan ladabi tun kafin a yi mafarkin kwamfuta, domin idan mai kwafi ya gama juyar littafi, ba a sakin jiki da kwafinsa sai an yi muƙabala, wani yana riƙe da asali, wani yana karanta sabo, ana gyara tsallake da tashifi, a kuma sa alama a gefen shafi inda muƙabalar ta tsaya. Irin wannan muƙabala na'urar take yi a kowace daƙiƙa. Saboda haka, duk ranar da ta ɗaga murya ta ce ta kasa, to ta riga ta yi ta gyara a ɓoye har dabara ta ƙare mata; kuma mai lura zai ga alamun tun da wuri, idan kaset ya fara cika tun bai ɗauki abin da ya saba ɗauka ba, ko aikin da ke ƙarewa kafin asuba ya fara kaiwa hantsi.

Ladabi na farko a binciken illa shi ne a ji magana daga bakin mai ita. Saƙon da manhajar ajiya ta nuna riwaya ce da ta biyo ta hannuwa da yawa: na'urar kaset ta faɗa wa katin da ke haɗa ta da kwamfuta, kati ya faɗa wa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ita kuma ta faɗa wa manhajar ajiya, wadda ta dunƙule zancen duka a kalma biyu. A manhajar NetBackup, alal misali, lamba 84 tana nufin an kasa rubutu a kaset ne kurum, ba ta bambance ko laifin zare ne, ko na na'ura, ko na waya ba. Wajibi ne a bi isnadin a koma tushe, a buɗe rajistar da kwamfuta take rubuta abin da ya gudana, a dubi sa'ar da abin ya auku da lambar da na'urar da kanta ta bayar. A ƙa'idar SCSI, wadda da ita waɗannan na'urori suke magana, lamba 3 tana nuni ga zaren kaset, lamba 4 ga jikin na'ura, lamba 7 kuwa cewa take yi an hana rubutu a wannan kaset. Akwai kuma tutocin TapeAlert, waɗanda ta 20 daga cikinsu take cewa a goge kan na'ura yanzu, ta 9 take cewa kaset a kulle yake, ta 22 take cewa kaset ɗin gogewa ya ƙare, ta 36 take kukan zafi. Har ila yau kowane kaset na LTO yana da 'yar ƙwaƙwalwa a jikinsa mai riƙe tarihin aikinsa da kurakuran da aka samu a kansa. Wanda ya jefar da kaset bai karanta waɗannan ba, ya yanke hukunci ne bai saurari shaidu ba.

Ladabi na biyu shi ne kada a canza abu biyu a lokaci guda, domin lamba 3 ɗin nan ma ba hujja ce yankakkiya ba, tun da kai mai datti yakan sa a zargi kaset mai ƙoshin lafiya. A ɗauki kaset ɗin da ake tuhuma a sa shi a wata na'urar, a kuma ɗauko sabon kaset a sa a na'urar da ake tuhuma: idan illa ta bi kaset duk inda ya je, laifinsa ne; idan ta zauna a na'ura ko da wane kaset aka ba ta, laifinta ne; idan kuwa duka sun yi aiki lami lafiya a hannun manhajar gwaji, kamar ITDT ta IBM ko L&TT ta HPE ko btape ta Bacula, to a nemi illar a gaba. Kafin ma a kai nan, akwai ƙananan dalilai da girman kai kaɗai yake hana a duba su. Ɗan makullin da ke gefen kaset, wanda idan aka ja shi yake hana rubutu, ya sha wahalar da injiniyoyi yini guda. Akwai kaset da aka ƙera domin a rubuta shi sau ɗaya tak, ba ya karɓar gogewa. Akwai saɓanin zubi, domin na'urar zubi na 8, kaset na 7 da na 8 kaɗai ta sani, ta 9 kuma na 8 da na 9. Akwai kaset da ya faɗi ƙasa gefen zarensa ya lanƙwashe ko ɗan ƙusan da ke bakin zaren ya goce. Akwai kuma na hannu, wanda aka saya da araha bayan wani ya wuce da shi ta injin maganaɗisu don ya share sirrinsa, ya share har da layukan jagora da aka zana a masana'anta, waɗanda in babu su na'ura ba ta san inda za ta sa ƙafa ba, kuma babu mai iya mayar da su.

Idan tuhuma ta tabbata a kan na'ura, mafi yawan lokaci datti ne a kanta, kuma maganinsa kaset ɗin gogewa ne na musamman, wanda ba ya wuce gogewa 50 sai a sauya shi. A nan akwai kuskure biyu masu kishiyantar juna. Wani ba ya gogewa ko da tuta ta tashi, saboda kaset ɗin gogewar ya ƙare tun bara ba a sayo wani ba. Wani kuma yana gogewa kowace safiya bisa zaton tsafta ce, alhali zaren gogewa yana da kaushi, yawan sa shi yana cinye kan na'urar. Ƙa'ida ita ce a goge lokacin da na'ura ta nema. Kada kuma wani ya tuna yadda ake goge kan rediyo da auduga da sifirit ya ce zai gwada a nan, domin na'urar da kuɗinta ya kai miliyoyin naira ba ta jure wannan. Ya kamata a sani kuma cewa cuta tana yaɗuwa tsakaninsu: kaset guda mai zubar da ƙura yana iya ɓata kan kowace na'ura da aka sa shi, na'ura guda mai karkataccen gargare tana iya tauna gefen kowane kaset da ya shiga cikinta. Shi ya sa duk kaset da aka tabbatar da illarsa ya wajaba a yi masa alama a fitar da shi daga jeri, bayan an kwashe abin da ke cikinsa.

Sa'an nan sai hanyar da ke tsakanin kwamfuta da na'ura, da ita manhajar kanta. Waya mai sako-sako, ko kati mai ɗaukar zafi, ko manhajar direba da ba ta dace da sabuwar manhajar cikin na'ura ba, ko manhajoji biyu da suke jayayya a kan na'ura guda, ɗaya tana rubutu ɗaya tana ba da umarnin a nannaɗe zare, ko girman dunƙulen bayanai da aka saita fiye da abin da kati yake iya ɗauka, kowanne daga cikinsu yana iya fitowa da rigar kuskuren rubutu. Alamarsu ita ce kuskuren ba ya bin kaset ba ya bin na'ura, sai dai ya bi wata sa'a ko wani aiki. Kuma tambaya mafi amfani a nan ita ce, me aka canza a makon da abin ya fara? Wasu manhajojin ma, kamar Bacula, idan rubutu ya faɗi sukan ɗauka kaset ya cika su nemi wani, sai ofis ya yi ta sayen kaset yana mamakin yadda suke saurin ƙarewa. Akwai kuma wata illa da ta fi shafar ƙananan ofisoshi, wadda yunwa ce ke kawo ta. Na'urar zubi na 8 tana iya haɗiye har megabait 360 a daƙiƙa, alhali wayar ofis mai gudun gigabit guda ba ta wuce 125 ko a takarda. Na'ura tana iya rage gudu zuwa wani haddi, amma idan bayanai suka gaza wannan haddi, sai ta tsaya, ta ja baya, ta sake tashi, ta yi ta yin haka har gari ya waye, zare da kai duka suna goguwa. Maganin wannan shi ne a fara tara bayanan a faifai mai sauri kusa da na'ura, sa'an nan a zuba mata su gaba ɗaya.

Duk abin da ya gabata ana samunsa a littattafan kamfanoni; abin da ba sa faɗa shi ne yadda ɗaki yake a Lafia. Masu ƙera kaset suna so a adana shi a sanyin digiri 16 zuwa 25, da laimar iska kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Mu kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35. A Disamba da Janairu hunturu yana shigo da ƙura mai laushi ta kowace kafar taga, ga bushewar iska. Da damina kuma, a wannan yanki na kwarin Binuwai, laima takan yi yawa har takarda ta yi laushi a cikin durowa. Layukan da dubbansu suke cunkushe a rabin inci ba su da wurin da ƙwayar ƙura za ta zauna. Ɗakin da ake kashe na'urar sanyaya shi idan an tashi aiki, alhali da dare ne kaset yake gudu. Ɗakin da aka haɗa da injin buga takardu mai watsa garin tawada. Ɗakin da mai shara yake shiga da tsintsiya. Kaset da aka bari a motar da ta yini a rana a bakin titin Shendam, aka ɗauko shi da zafinsa aka cusa a na'ura, alhali ƙa'ida ta ce a bar shi ya saba da ɗaki har sa'a 24: waɗannan su ne musabbaban da babu manhajar da za ta iya gyarawa. Kaset na zubi na 9 ma, ranar da aka fara sa shi, na'ura takan ɗauki lokaci, wani sa'in har sa'a biyu, tana auna shi da yanayin wurin, don haka ya kamata a yi masa wannan a ɗakin da zai yi aiki.

Batun wuta kuwa, gaskiya ne cewa tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar lantarki ta Akurba a Fabrairu 2022 halin garin ya sauya daga yadda yake a da. Amma babban layin wutar ƙasa yakan durƙushe, kuma 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta sun isa su katse rubutu a tsakiya, su bar kaset babu alamar ƙarshe, wani lokaci ma su bar zare a maƙale a cikin na'ura. Akwatin batirin da ake kira UPS shi ne gadar da ake tsallake wannan rami da ita, sai dai batirinsa yana tsufa cikin 'yan shekaru, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, kuma yakan ci gaba da nuna koriyar fitila ko da babu sauran ƙarfi a cikinsa. Duk wanda ya jera sa'o'in da rubutu ya faɗi kusa da sa'o'in da mai janareta ya rubuta a littafinsa, la'alla ya sami amsar da ya daɗe yana nema a wani wuri.

Daga nan ne magana take barin injiniya ta koma kan shugabanni. Al'adarmu a ƙasar nan ita ce mu sayi na'ura da kwangila mai tsoka, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, sa'an nan a manta cewa na'urar tana da ci da sha na yau da kullum: sababbin kasakasai, kaset ɗin gogewa, batir, man janareta na dare, kuɗin sabunta lasisin manhaja, da yarjejeniyar gyara. Kuɗin waɗannan ƙanana ne, saboda haka babu mai sha'awar bin takardarsu daga tebur zuwa tebur. Wanda ke ganin jan rubutu kowace safiya kuwa galibi ƙaramin ma'aikaci ne, ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara, kuma ya koya tun da wuri cewa mai kawo labarin matsala ba ya samun fuska a wurin manya. To, idan shugaba ya nuna ba ya son jin komai sai alheri, alherin za a riƙa kawo masa, har ranar da zai nemi fayil a ce babu. Laifin wannan gafala yana wuyan wanda ya ƙi tambaya fiye da wanda ya ji tsoron faɗa.

Abin da ya fi kuskuren rubutu haɗari ma shi ne koriyar alamar da ba a taɓa jarraba gaskiyarta ba. A watan Yuli 2006, a jihar Alaska ta Amurka, wani ma'aikacin sashen kuɗin shiga ya share faifan da ke ɗauke da takardun masu neman rabonsu daga asusun man fetur na jihar, ya kuma share faifai na biyu. Da aka koma ga kaset, sai aka tarar ba za a iya dawo da su daga cikinsa ba. Hotunan takardu kimanin 800,000 suka tafi, kuma abin da ya cece su shi ne akwatuna sama da 300 na asalin takardun, waɗanda aka sake ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, a kan kuɗi fiye da dala 200,000. Darasin shi ne, rubutu ya kammala ba hujja ba ne cewa an rubuta abin da ya kamata, ko cewa za a iya dawo da shi. Yaƙini ba ya samuwa sai an ɗauko kaset, an dawo da fayil a wata kwamfuta, an buɗe shi, mai aikin ya duba ya ce shi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuma ya kamata mu tambayi kanmu ko akwatunan takardunmu suna nan, ko kuwa mun yi watsi da su ranar da muka ce mun shiga zamani.

Na san mai karatu zai ce, ina amfanin wannan wahala duka, alhali ana iya aika bayanai ta intanet zuwa rumbunan manyan kamfanoni, ko zuwa na Galaxy Backbone, mallakar Gwamnatin Tarayya? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ƙaramin ofis mai bayanan da ba su fi cikin faifai guda ba, ba ya bukatar kaset ko kaɗan. Amma rumbun waje da dala ake biyansa kowane wata, kuma ranar da aka kasa biya ƙofa takan rufe. Dawo da terabait masu yawa ta wayar da masu gyaran titi suke yankewa aiki ne na kwanaki. Sa'an nan abin da yake haɗe da intanet kullum, ɓarawon da ya sami makullin ofis yana iya kai masa. Ko babban rumbun gwamnati ma ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin a ranar 26 ga Satumba, 2025, gobarar batir a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon ta cinye ma'ajiyar fayilolin ma'aikata mai terabait 858, wadda ba a yi mata kwafi a wani wuri ba. Ƙa'idar da ma'abota sana'a suka yi ijma'i a kanta ita ce kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Intanet da kaset abokan juna ne a cikin wannan ƙa'ida, kuma kowannensu yana da jan rubutunsa da yake bukatar mai karantawa.

Shari'a da doka sun haɗu a kan wannan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma babu ma'ana a rubuta haƙƙi sa'an nan a bar rubutun ya salwanta. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓata da lalacewa, kamar yadda ta ɗora masa nauyin kare su daga sata. Waɗanda sakaci yake cutarwa kuwa ba su san ma akwai wani abu mai suna kaset a ofis ba: tsohon malamin firamare daga Awe ko Doma da za a ce ya kawo takardar ɗaukarsa aiki ta shekara talatin da suka wuce, matar da mijinta ya rasu, wani ya taso mata a kan fili, yarinyar da ta gama jami'a tana neman takardar sakamakonta domin ƙarin karatu.

Bisa ga haka, ina kira ga Mai Girma Gwamna Abdullahi Sule, wanda shi kansa injiniya ne, da shugaban ma'aikata, da shugabannin manyan makarantu da asibitocin da ke Lafia, su mayar da wannan al'amari doka a rubuce. Kowace ma'aikata mai ajiyar bayanai ta buɗe littafi, a rubuta kowane kuskure da sa'arsa da lambarsa da lambar kaset da abin da aka gano, darakta ya sa hannu kowane mako. A ware wa kayan yau da kullum layinsu a kasafi, kada su rataya a kan rarar kuɗin shayi. A ajiye kwafi guda a wajen gari, a Akwanga ko Keffi, cikin kabad mai jure wuta. A ƙaurar da tsofaffin kasakasai zuwa sabon zubi tun na'urar da ke karanta su tana da rai. Jami'ar Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai su sa ɗalibansu su taɓa waɗannan na'urori da hannu, domin jihar ta daina jiran mai gyara daga Abuja ko Legas. A kuma yaba wa ƙaramin ma'aikacin da ya kawo labarin kuskure a gaban abokan aikinsa, domin sauran su san abin da ake so.

Mafi muhimmanci, a sa gwajin dawo da bayanai cikin abubuwan da Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yake dubawa, kamar yadda yake duba rasit da baucan biya, a yi shi duk bayan wata uku a gaban shaidu. Babban sakatare ba ya bukatar ya san lamba 3 daga lamba 4, ya ishe shi ya kira mai kula da kwamfuta ya ce masa, "Malam, yaushe rabon da a dawo da fayil daga ajiyarmu, wa ya gani, kuma ina takardar da ya sa wa hannu?" Ofishin da ya iya amsa wannan da kwanan wata da suna, ya sauke nauyin da ke kansa, wanda ya kasa kuwa, sai a ɗauka ba shi da kwafi har ya kawo hujja, a kuma ba shi wa'adin da zai kawo ta.